Sunan Mai Gonar McLeansville

Assalamu alaikum, salama a gare ku baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Boukari, wanda ya ba ni minti goma alhali ya san halina. Mai girma Fasto Elnathan. Mai girma limaminmu Malam Laouali. Uwarmu Mama Liyatu, wadda ta taso tun daga Malumfashi domin wankan jegon 'yarta. Mahaifan jaririn da ya tara mu, Malachy da Jemimah. Iyayenmu mata da suka tashi da asuba kan tukwane. 'Yan'uwa da suka ajiye aiki a titin Wendover da waɗanda suka fito daga East Greensboro. Yaranmu da ke can baya suna jin rabin abin da nake faɗa suna amsa mini da Turanci. Sannan babban baƙonmu, wanda a gaskiya mu ne baƙinsa, dattijon da ke zaune a kujerar gaba, Baba Mai Gona: ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da girbi, ina yi muku barka da suna.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan damina lafiya. Ina gode wa waɗanda suka kafa rumfa, da waɗanda suka tsaya suna ba su shawarar yadda ake kafa rumfa, domin kowane taro yana buƙatar kashi biyun nan. Ina gode wa Anti Huseina, nas ɗinmu, da ta zauna kusa da Baba tana juya masa maganata zuwa Turanci. Anti, inda na yi tsawo ki gajarta, inda na yi rashin kunya ki ce masa ina yabonsa ne.

Jama'a, ko kun lura da abin da na yi yanzu? Na kira sunan shugaban taro, na kira sunan fasto, na kira sunan liman, da na iso kan mutumin da muke zaune a ƙasarsa sai na kauce, na ce Baba Mai Gona. Babu wanda ya ji wani abu ya rage, domin haka muke yi shekara goma da wani abu. A kan wannan kaucewar aka ce in yi magana, kuma zan yi ta a kan abubuwa huɗu.

Abu na farko shi ne sunan kansa. Sunan dattijon nan Emmett Brunnengraber. Ga shi na faɗa, kuma kun ga ya ɗago kai, domin tun da na fara magana wannan ce kalma ta farko da ta zama tasa.

Sunan Jamusawa ne. Da kwamitinmu na shirya wannan taro ya ba ni aikin bincikensa, na tafi laburare da zumuɗi, domin a raina suna mai tsawo haka ba zai rasa sarauta a ciki ba. Na sa ran in dawo in ce muku Baba jikan wani kwamandan yaƙi ne, ko jinin wani basarake mai gida a kan dutse. Sai na tarar kalmomi biyu ne aka haɗa, ta farko tana nufin rijiya, ta biyu tana nufin mai haƙa. Ma'anarsa ke nan, mai haƙa rijiya. A can Jamus, a zamanin da aka fara ɗaukar sunayen iyali, da yawa daga sana'a aka samo su, kamar yadda a wajenmu ake cewa gidan maƙera ko gidan majema. Wani mutum ne, ba mu san fuskarsa ba, ba mu san garinsu ba, wanda in ƙauye ya rasa ruwa ake zuwa a buga masa ƙofa, ya ɗauki diga da igiya ya shiga ƙasa, ya fito da laka har gira, mutane su sha, su manta da shi sai wata rijiyar ta ƙafe. Sunan aikinsa ya manne masa, ya manne wa 'ya'yansa, ya haye teku tare da su. A can ana ɗora ɗigo biyu a kan harafi ɗaya na sunan, a nan babu su, ina jin a cikin jirgin ruwa suka faɗi.

Da na gaya wa Alhaji Boukari ma'anar, sai ya ce, "Malam Husaini, kai da ka girma kan famfo ba za ka gane ba. A ƙauyenmu bayan Maradi, mai haƙa rijiya in ya shigo, mai gari ma gyara zama yake yi." Na karɓi gyara. Sarautar da na tafi nema tana nan, ni ne ban san kamanninta ba.

Abu na biyu shi ne yawan masu sunan. Abin da na iya ganowa, ko a Jamus ba su da yawa, a nan kuwa sai an sha wahala kafin a ci karo da ɗaya. Littattafan tarihin wannan yanki sun nuna Jamusawa sun gangaro daga Pennsylvania da amalanken dawaki tun ƙarni na goma sha takwas, suka zauna a gabashin wannan gunduma, suka sare daji, suka gina coci, suka yi noma. Baba ya ce kakanninsa daga baya suka biyo sahu, kuma rijiyar nan da ke bayan rumbu, wadda muke jan ruwanta da inji muna ba yakuwarmu, kakansa ne ya haƙa ta da hannu. Na tambaye shi ko shi ma ya gaji sana'ar, ya ce rami mafi zurfi da ya taɓa haƙawa na dashen tumatir ne.

To ina sauran dangin? Suna nan, amma sunan ba ya tare da su. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sunan Jamusawa ya zama kaya mai nauyi a ƙasar nan, mutane da yawa suka sauke. Ƙanin kakan Baba ya datse nasa ya koma Brown, zuri'arsa suka bazu, yau ba su ma san akwai rijiya a cikin sunansu ba. Kakan Baba ya ƙi. Mahaifinsa ya ƙi. Shi ma ya ƙi, duk da cewa tun yana makaranta ake ce masa Mista B, a soja Mista B, a banki Mista B, a asibiti Mista B, kamar mutum ya gina gida mai ɗaki goma sha uku a ce masa a zaure zai kwana. Allah bai ba shi haihuwa da marigayiya matarsa Lorene ba. Na duba iya dubawata a wannan gunduma, ban sami wani mai amsa wannan suna ba sai mutum ɗaya, ga shi nan zaune da hular rana a gwiwarsa.

Kada mu yi saurin ganin laifin ƙanin kakan nan. Ni na raɗa wa ɗana Abdulmuhaimin, na yanka rago, na tara malamai. Kwanan baya na je wurin aikinsa na ce ina neman Abdulmuhaimin, aka ce babu mai wannan suna. Na kwatanta shi, sai matar ta yi murmushi ta ce, "Au, Abe kake nufi!" Rago guda na yanka, jama'a, abin da ya rage mini haruffa uku. Mu ma mun san yadda ƙasar nan take gutsurar suna, a hankali, cikin fara'a, ba tare da mugun nufi ba.

Abu na uku shi ne namu hannun a cikin wannan magana, kuma a nan nake roƙon ku ba ni kunnuwanku duka biyu.

Waɗanda suka zo daga baya ba su san yadda muka sami gonar nan ba. Anti Huseina ce ta yi jinyar Lorene a gidan can a watanninta na ƙarshe. Wata rana hira ta kawo maganar abinci, Anti ta ce babu abin da take kewa kamar miyar yakuwa ɗanya. Baba ya tambaya mene ne yakuwa, ta kwatanta, ya nuna mata ta taga ya ce ga fili can yana zaman banza. Da kunya biyu aka fara. Yau ku duba, ga yakuwa, ga rama, ga kuɓewa, ga gauta, ga attaruhun da barewar McLeansville ta ɗanɗana sau ɗaya ta tuba. Shi yake yi mana huɗa da tarakta, shi yake gyara injin ruwa, shi ya tsaya wa Malam Laouali gaban maƙwabta ranar da suka ga raguna sun yi yawa. Bai taɓa tambayar wane ne Kirista wane ne Musulmi ba, abin da yake tambaya shi ne wa ya bar ƙofar shinge a buɗe.

Mu kuma muka ba shi abin da ya fi tsada a wajenmu, muka ɗauke shi uba. Kuma a wajenmu ba a kiran sunan uba. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, suruka ba ta kiran sunan surukinta, yaro in ya kira sunan dattijo gatsal sai a tambaya ɗan gidan wa ne. Iya girman mutum a idonmu, iya nisan da muke yi da sunansa. Muka ce Baba, muka ce Baba Mai Gona, muna ganin mun ɗora masa rawani.

A bazarar da ta wuce, Malachy yana taya shi kwance injin rijiya, hannuwansu duk baƙin mai, sai Baba ya ce masa da Turanci, ba tare da ya dube shi ba, "Na san sunana da wuya. Ban ga laifinku ba."

Malachy ya ce, "Wane suna, Baba?"

Ya ce, "Nawa. Duk shekarun nan babu ɗayanku da ya taɓa gwadawa. Kuna faɗin sunayen junanku masu tsawo kamar jirgin ƙasa, na ce wataƙila nawa ne ya fi ƙarfinku."

Malachy ya ajiye sufana ya yi masa bayani, ya ce ai girmamawa ce, a wajenmu ba a kiran sunan babba. Baba ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "To wa ke kiransa ke nan?"

Jama'a, wannan tambaya ta zagaya gidajenmu, kuma babu wanda ya sami amsarta. A garuruwanmu in mun ɓoye sunan dattijo, sunan ba ya ɓata, domin tsaransa suna kira, maroƙa suna kira, 'ya'yansa suna ɗauke da shi a bayan nasu duk inda suka shiga. Mun ɗauko al'adar mun kawo ta nan, mun manta ba mu taho da tsaransa ba, ba mu taho da maroƙa ba, kuma babu 'ya'ya. Mutanen gari sun datse sunan saboda gaggawa, mu mun rufe shi saboda ƙauna, shi kuwa mai sunan, daga inda yake zaune, shiru ɗaya yake ji ta kowane ɓangare.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ba za ta jira wata shekara ba. Mantuwa ta fara taɓa Baba. Na nemi izininsa kafin in faɗi wannan a bainar jama'a, ya ce, "Faɗa mana, gobe ba zan tuna na ba ka izini ba, sai mu yi faɗa sabo." Muna dariya, amma Anti Huseina ta ce a aikinta ta sha ganin tsofaffin da suka manta ranar mako, suka manta hanyar ɗakinsu, amma in an kira cikakken sunansu sai su waiwayo. Ta ce suna igiya ce, kuma tana son a riƙa jan ta.

Abu na huɗu shi ne jaririn nan. Da Jemimah ta sauka, ita da Malachy suka yanke shawarar da ta fi duk abin da kwamitinmu ya taɓa yankewa, suka sa wa yaro Justin Brunnengraber. Suka je suka gaya wa Baba, ya shiga rumbu ya ce zai duba wani abu, ya daɗe bai fito ba, kuma duk mun san babu abin dubawa a rumbun nan sai tsohuwar taya.

Sai ku ce magana ta ƙare. Ai mu ne, ba ta ƙare ba. Mama Liyatu ta iso daga gida, aka ba ta labari, ta yi murna, ta sa albarka, ta ce an yi abin da ya dace. Sannan ta ce tun da yaro ya ci sunan babba, daga yau babu mai kiran sunan, Baba Ƙarami za a riƙa ce masa. Kowa ya ce haka ne, Mama ta yi gaskiya, domin haka ake yi wa takwaran kaka. Ranar da Baba ya zo barka da kwandon tuffa, ya leƙa fuskar yaro ya ce, "Yaya ƙaramin Brunnengraber?" Mata duk suka sunkuyar da kai, aka amsa masa da cewa Baba Ƙarami yana lafiya. Ku duba wannan gwaninta tamu. Mutum ya ce babu mai kiran sunansa, muka ba shi takwara, muka mayar da marasa jin sunansu su biyu.

Aka rasa mai tunkarar Mama, sai aka ce Malam Husaini ya je tun da ya yi karatu, kamar karatu ya taɓa ceton wani a gaban tsohuwa. Na je na durƙusa na gaishe ta, na kawo tarihi, na kawo Jamus, na kawo Pennsylvania. Ta bar ni na gama, tana shafa wa yaro mai.

Ta ce, "Ɗan nan, ni na zauna da mahaifin su Jemimah shekara arba'in, ban taɓa kiran sunansa ba, har ya koma ga Ubangiji bai yi ƙorafi ba."

Na ce, "Mama, ko da ya so yi, kin ba shi fili?"

Ta ce, "Ka ga irin abin da boko ke jawowa."

Ta ci gaba da shafa mai. Can ta ce, "Shi maigidana ya bar maza huɗu, kowanne yana amsa sunansa a wurin aiki. Wannan bawan Allah wa ya bari?"

Na ce, "Babu kowa, Mama. Sai wannan da ke kan cinyarki."

Ta dubi yaron. Sannan ta ce, "Yaya ma ake faɗinsa? A hankali, ba irin faɗin 'yan rediyo ba."

Jemimah ta ce tun ranar, duk wankan safe da na yamma, Mama tana zuba ruwa tana maimaitawa, yaro yana kallonta. Mama ta kuma kafa sharaɗi, ta ce in za a karya al'ada, babba ne zai fara karyawa, kada yara su ɗauka gari ya zama na kowa.

Saboda haka ga roƙona. Ban ce mu zubar da kunya ba, ita ce ta raine mu, kuma ina fatan ta raini jikokinmu. Ban ce gobe wani yaro ya tare Alhaji Boukari ya kira shi gatsal ba, wanda ya gwada kada ya ce ni na aike shi. Roƙona a kan gida ɗaya ne, a kan suna ɗaya. In kun zo ban ruwa, ku gaishe shi da sunansa. In kun kira shi a waya, ku fara da sunansa. In harshenku ya karkace, ku bar shi ya karkace, ya gaya mini ya fi son a ɓata sunan da a tsallake shi. In yaron nan ya fara tafiya yana tattaka muku kuɓewa, ku daka masa tsawa da cikakken sunansa, yadda za a ji har bakin titi. In ranar ta zo da Baba zai dube mu bai gane fuskokinmu ba, kada ya rasa wanda zai gaya masa ko shi wane ne. Idan kuma yaron nan ya girma wani ya ce masa Mista B, ya zama yana da abin da zai ce, ya ce sunan mai haƙa rijiya ne, kuma na sha ruwanta.

Mama Liyatu, ga abin magana nan Malachy zai miƙo miki. Anti Huseina, wannan ba sai kin fassara ba. Bismillah, Mama.

Kun ji. Ta ƙara masa wasula biyu ko uku, ta yi masa ado irin na Malumfashi, amma ya isa inda aka aike shi, domin ga Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ana kiran suna. Yanzu saura mu, manya da yara, na gaba da na bayan rumfa, gaba ɗaya: Brunnengraber. A sake, na baya ba su buɗe baki ba: Brunnengraber.

Madalla. Babban ya amsa, ƙaramin kuma mun tashe shi daga barci, Jemimah ki yafe mana. Baba, hular nan ta rana ce, amma share fuskarka da ita, babu mai kallo.

Allah ya raya Justin Brunnengraber, ya sa ya yi nauyin sunansa, ya sa mutane su sha daga hannunsa. Allah ya ƙara wa Baba Emmett Brunnengraber lafiya, ya sassauta masa abin da ke tafe, ya sa mu kasance kusa in ya waiwayo. Allah ya saka wa Lorene da alheri, ya jiƙan iyayenmu da muka bari a ƙasa mai nisa, waɗanda muka kira sunansu da waɗanda kunya ta hana mu. Allah ya ba Mama Liyatu ladan wankan jego, ya mayar da ita gida lafiya. Allah ya albarkaci wannan gona, kada rijiyarta ta ƙafe, ya haɗa kan Kirista da Musulminmu kamar yadda kunya ɗaya ta haɗa yakuwarmu, ya kai kowa gidansa lafiya.

Shugaban taro, na ci minti gomanka har da na wanda zai biyo baya, a yi mini afuwa, abinci yana hucewa.

Na gode.